Sunan Mai Gonar Fako

Garhanga, bayan an gama ɗaurin hatsi

Zuwa ga amaryata Rahinatu, a Yamai.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina lafiyarki, ina gajiyar birni? Mu nan lafiya lau muke, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi ni tun damina. Uwarki Hindatu tana gaishe ki, ƙannenki mata suna gaishe ki. Tanimu tela ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗi, kuma na gargaɗe shi kada shi gyara mini magana. Ban kira ki ta salula ba don salula ɗaya ce a gidan nan, tana aljihun baffanki Iro, maganar kuwa a kansa take.

An ce kin samu aiki, kin zama injiniya. Na tambayi Alƙasim direba wace gada kinka gina. Ya ce ba gada ba rijiya, zaune kike gaban gilashi kina danne-danne. To, Allah shi sa albarka. Ni dai tsohon mijin da kinka bari a ƙauye ko goro bai gani ba.

Ga abin da ya faru. Masu awon gonaki sun zo, samari biyu da allon gilashi a hannu, don a ba kowa takardar gonarsa. Maigari ya ce a ɗauke ni shaida, tunda ni na san wa ya sari wace gona tun zamanin da Buzaye ke zuwa karɓar dame a ƙofar kakanninmu. Na bi su gona gona, ina faɗin mai ita da ubansa da kakansa, har ɗayan ya ce: "Baba, ka bari yatsana shi huta."

Sai munka hau fako, munka tsaya a gonar ubanki. Sunka ce: "Ta wa ce?" Na ce: "Ta babban ce, ya rasu, iyalinsa ke nomanta." Sunka ce: "Sunansa?" Rahinatu, kin san ɗan fari ne. Na dubi Iro don shi faɗa musu, yadda kullum akan samu mai faɗi a madadina. Yaron mai allo ya ce a'a, daga bakin shaida allon ke karɓa, kuma ba ya wucewa gaba in gurbin suna ya zauna wofi. Rana ta take, mutane na jira, ni kuwa na juya ina kallon dutsi. Sai Iro ya ce: "Ku sa nawa tukuna, gida ɗaya ne, ma gyara daga baya." Na faɗi sunan Iro, sunka sa, sunka miƙo allon, na dangwala yatsa.

Yanzu Iro in an yi zancen gyara sai shi ce kansa na ciwo. Kuma an ga wani ɗan kasuwa daga garin Buza ya zo sau da yawa shan shayi a zaurensa.

Alƙasim ya ce allon nan daga gidan aikinku ya fito, ya ga tambarin a rigarki. Alhamdu lillahi, abu ya zo gida. Ki buɗe akwatin ki goge sunan Iro, ki sa wanda kinka sani. In kin gama ki aiko da amsa da man zafi.

Kakanki, Yaƙubu.

Yamai

Zuwa ga angona mai rigima, Kaka Yaƙubu.

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya ƙafar? Ga man zafi nan wurin Alƙasim, da goron da ka yi wa gori. Ka gai da Inna da yara da Baba Tanimu.

Kaka, takardarka ta hana ni cin abinci. Gaskiya ne, a kamfaninmu ake gina hankalin da ke cikin allon nan, kuma ina cikin masu gina shi. Amma sabuwa ce ni. Gwaji nake, sai na cika watannin gwaji kafin su ce sun ɗauke ni. Mu da yawa muka nema, ni kaɗai ce mace a ɗakin, ni kaɗai ce kuma daga ƙauye. In na yi kuskure a aiki, shef, wato shugaban sashenmu, ba ya faɗa, sai ya tsaya bayana har in gyara. Da safe nakan riga kowa zuwa buro, wato ofis, don kada a ga yadda nake duba abu sau biyu.

Na nemo dosiyen gonarmu, wato fayil ɗinta da ke cikin na'ura, na gan shi da idona: sunan Baffa Iro, ga yatsanka a ƙasa. Hannuna yana kaiwa wurin, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai ba a ba ni wannan ikon don in taɓa gonar kowa ba, don gyaran na'ura aka ba ni. Kuma duk wanda ya taɓa, na'urar na rubuta sunansa.

Akwai hanya mai tsabta, ba ta da wuya. Kafin a rufe karɓar ƙorafi a farkon bazara, shaidan da ya dangwala yatsa zai je buron masu awo a Kaita, ya ce an yi kuskure, ya faɗi sunan mai gona da bakinsa, a ɗauki muryarsa. Shi ke nan. Ba wanda zai iya faɗi a madadinsa.

Abin da ya fi ci mini rai, Kaka, wannan dokar ta murya ni na kawo ta. Shi ne aikina na farko a nan. Ranar da ake shawara na ce musu tsofaffinmu ba su karatun boko, wani ɗa mai wayo zai iya tsayawa ya yi magana da bakinsu, don haka a bar shaida ya faɗi da kansa. Kai nake tunawa da na faɗi haka. Har shef ya ce wannan yarinya ta san mutanenta. Na yi ta murna ranar nan. Ban tuna da kunyar ɗan fari ba ko kaɗan.

Kalma ɗaya suke so. Mahfuzu. Ga shi ni 'yarsa na rubuta, hannuna bai karye ba. Ɗaki ne ƙarami, daga kai sai mai ɗaukar murya. Ba don ni ba, don Inna. In gonar nan ta tafi, ba ta da inda za ta sa kalme ta yi noma.

Amaryarka, Rahinatu.

Garhanga

Zuwa ga Rahinatu.

Bayan gaisuwa. Lafiya muke. Man ya iso, bai yi komi ba.

Tanimu ya karanta mini takardarki. Da ya kai wani wuri ya yi tari ya tsallake, na san abin da kinka rubuta. Shi tela ya fi ki kunya, ke da kinka ƙare lakwal, makarantar boko, har ta Yamai.

Kin ce kalma ɗaya. Bari in gaya miki abin da ba a koya muku ba. Ni ma ɗan fari ne. Ubana har ya koma ga Allah bai kira sunana ba. "Kai" yake ce mini, ko "wancan". In an raba nama, ƙannena yake miƙa wa da hannunsa, ni sai in tarar da nawa a rufe cikin ƙwarya a bayan rumbu, kuma shi ya fi na kowa. Haka na san matsayina. Ranar sunan ubanki na bar gida tun asuba na shiga daji, don kada a faɗi a gabana a ga fuskata. Ban taɓa ɗaukarsa a kafaɗa gaban mutane ba. Sunan Iro na kira shi har ya tsufa a bakina, wajen aike, wajen zagi, wajen kiran awaki. Na wancan na ajiye shi, ko ƙura bai taɓa ba. Da anka aiko daga Abijan cewa ya rasu wurin cin rani, na ce wa masu gaisuwa: "Yaron ya riga mu." Ko a ranar ban fasa ba. Yanzu kina so in je Kaita in zuba shi cikin ƙarfe, wani yaro mai tsukakken wando yana latsawa yana sake ji?

Kuma kin san wace gona ce? Ba gado ba ce. Fako ne da ko ciyawa ba ta tsirowa, in an yi ruwa sai shi wuce kamar bisa faranti. Zamanin furoje, aikin gyaran ƙasa, da anka ce a jera duwatsu a tare ruwa, uwarki ta ɗauko dutsi a ka daga gindin tudu tana da cikinki. Ubanki ya haƙa ramun tassa na shuka da diga har tafin hannunsa ya tsage, yana zuba taki rami rami da ƙoƙo. Iro a lokacin yana bakin tasha yana koyon busa sigari, yana ce musu masu noman dutsi. Nakan hau da yamma in sun tashi, in gyara jerin da ya karkace, in sauko ta bayan gari don kada a ce na je ganin aikinsa. Duk Garhanga an san mai gonar nan. Akwatinku kaɗai bai sani ba, sai ni za a tuɓe a kasuwa don shi sani.

Kin ce hannunki na kaiwa. Wannan kaɗai na ji a takardarki, sauran duk tsoron shef ne. Gaskiya za ki rubuta, ba ƙarya ba. Wane irin aiki ne ake korar mutum don ya rubuta gaskiya? Kun ɗaura ƙofa, kin ce ke kinka ɗaura ta, mabuɗi na hannunki, uwarki na waje, kina ce mini doka.

Ɗan Buza ya taka gonar jiya da igiyar awo. Hindatu na tsaye da ƙwaryar iri tana tsinta.

Kada ki sake rubuto mini sai da labarin an gyara. In ba haka ba, ki riƙe goronki. Tanimu na cewa in sassauta. Rubuta yadda na faɗi, Tanimu.

Yaƙubu.

Garhanga, zafi ya fara

Zuwa ga amaryata mai fushi.

Ina gaishe ki. Ina zafin Yamai? Shiru ya yi yawa. Na ce kada ki rubuto, amma ban san za ki ji ba. An ce motar Alƙasim ta lalace a Madawa, yana can yana jiran ƙarfe, don haka wannan ta hannun wani mai kai albasa za ta zo.

Uwarki ta yi mini abin da ban zata ba. Tun da anka kawo ta gidan nan ba ta taɓa zama gabana ba. Ran nan ta kawo fura, ta ajiye, ba ta tashi ba. Ta durƙusa tana kallon ƙasa ta ce: "Baba, irin da na tsinta, in dafa wa yara ko in ajiye?" Shi ke nan abin da ta ce. Ita ma bakinta bai taɓa kama sunan nan ba, mijinta ne. Mu biyu a tsakar gida, kowa na riƙe da abu ɗaya, ba mai iya miƙa wa wani.

Na ce ta ajiye.

Ranar kasuwar Kaita na sa babbar riga, Tanimu ya raka ni. Kin ce ɗaki ne ƙarami, daga ni sai mutum ɗaya. Ƙarya kinka yi mini, ko ke ma ba ki sani ba. Rumfa ce, cike da masu ƙorafi, har da mutanen Garhanga. Da layi ya zo kaina yarinyar da ke ɗaukar murya ta ce: "Baba, ka matso, ka ɗaga murya." Na faɗi. Ta ce injin bai kama ba, hayaniya ta yi yawa, in sake. Rumfar ta yi tsit. Wata tsohuwa ta gefenmu ta ja mayafi ta rufe fuska don ta raga mini. Na sake faɗi da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga gona.

Ban ci komi ba a Kaita. A mota Tanimu bai yi mini magana ba, Allah shi saka masa.

To, an yi. Kin ci, ke da akwatinki. Yarinyar ta ce muryar za ta iso Yamai kafin ni in iso gida. Ki zauna kan kujerarki, kada ki taɓa komi, ki gaya wa shef kakanki ya bi doka. In kin ji muryar a wurin aikinki, kada ki saurara.

Kakanki, Yaƙubu.

Yamai

Kaka,

Ina gaishe ka, ina gai da Inna. Ban san yaushe wannan za ta same ka ba, an ce Alƙasim yana Madawa. Na ba yaron motarsa ya ajiye masa.

Ka ce kada in rubuto sai an gyara. Na gyara.

Na karanta takardarka har ta yi laushi. Wurin da ka ce kana hawa fako da yamma kana gyara duwatsun Baba, ban taɓa sani ba. Na ga ranar rufe ƙorafi na matsowa, na san ba za ka je Kaita ba, na kuma daina ganin laifinka. Ranar Juma'a da aka fita masallaci na zauna ni kaɗai, na goge sunan Baffa Iro na sa na Baba. Ko minti bai ɗauka ba.

Ran Litinin shef ya kira ni. Bai yi faɗa ba. Ya juyo mini da gilashinsa, ga sunana, ga lokacin, ga sunan da na sa, iri ɗaya da na bayan sunana. Na gaya masa komai, har kunyar ɗan fari. Ya ce ya yarda gaskiya na rubuta. Ya ce amma in aka ji ma'aikaciya ta juya gona zuwa gidansu, duk takardun da aka ba mutane daga Kaita har Bangi sun zama abin zargi. Ya karɓi katin shiga, ya ce in kwashe kayana. Abokan aikina kowa ya kafa ido a gilashinsa har na fita.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Sun mayar da sunan Baffa Iro, sun kuma kulle dosiyen saboda an taɓa shi. Yanzu ba ya karɓar gyara daga kowa, ko da murya. Sai dai alƙali. Kafin nan ba mai sayarwa, ba mai shuka.

Don haka kada ka wahalar da ƙafarka zuwa Kaita. Ba sauran amfani. Ko ba komai na hutar da kai wannan.

Kada a gaya wa Inna zancen aikin tukuna. Ina neman wani, sai dai garin ƙarami ne ga masu irin aikinmu, labari ya riga ni.

Rahinatu.

Garhanga, hadari ya fara haɗuwa

Zuwa ga Rahinatu.

Bayan gaisuwa. Muna nan da rai. Alƙasim ya iso jiya da takardarki. Tanimu ya lissafa, ya ce ranar da nake tsaye a rumfar Kaita, ke kin riga kin kwashe kayanki. Wato a bakin ƙofa kulle na yi ta kira.

Tun kina tatata ba ki taɓa jin maganata ba. In na ce zo, ki gudu. In na ce bar lakwal ki yi mini fura, ki yi mini gwalo. Sai wannan karo ɗaya kinka ga dama kinka ji. Tanimu na jira in ce wani abu bayan wannan. Ba ni da shi. Shi rubuta abin da ke akwai.

Uwarki ta sani, ba a ɓoye irin wannan a gida. Ta ce ki ci abinci. Iro ya daina gaishe ni, ɗan Buza ya daina zuwa shayi, an kafa ƙarfe mai jan fenti a bakin gonar. Ramun tassa sun cika da yashi, ba mai ikon kwashewa. Ruwan farko zai sauka bisa duwatsun nan ba ƙwaya ɗaya a ƙasa. Irin da na ce ta ajiye, jiya ta daka shi.

An aiko sammaci. Bayan salla za a zauna gaban alƙali a Kaita, ni da Iro da maigari da duk mai son kallo. Sun ce muryar da anka ɗauka ba ta shiga ba, sai na sake faɗi. Zan faɗi. Abin da nake tsaro ya riga ya fita, kuma tun ranar ya ƙi komawa. Ina alwala sai in ji shi a bakina. Shekaranjiya na kira ƙaramar ƙanwarki in aike ta, sai sunan nan ya fito. Hindatu na bakin murhu, ta saki ludayi ta shige ɗaki.

In kina da sauran wanda kuke magana a gidan aikin nan, ki ce su goge muryata. Ba ta yi musu amfani ba, su bar riƙe mini ita.

Ki zo zaman shari'ar. Ba don ki yi magana ba. Ƙafata ba ta hawa matakalar nan, ina son wanda zan dafa.

Tanimu ya tambaye ni me za a rubuta a bayan ambulan, tunda ba sauran sunan kamfani. Ya ce ko a sa injiniya. Na ce a'a. Rubuta: Rahinatu, ɗiyar Mahfuzu.

Kakanki, Yaƙubu.